Abin da za mu gaya wa surukan Auta

Daren jiya bayan isha'i muka zauna a zauren gidanmu a Argungu, ni da Baba da Baffa, kan maganar auren Auta. Iyayen yarinyar sun ce a turo, an tsayar da ranar Juma'a. Mun gama lissafin goro da kuɗin gaisuwa da waɗanda za su je, har na fara laluben takalmina, sai Baffa ya ce, "To, maganar ciwonai fa? A hwaɗi ko a bari?" Kafin wani ya buɗe baki ya ba kansa amsa: a bari. Yaro ya shekara huɗu bai faɗi ba, yana ɗinkinsa a kasuwa, yana sallarsa cikin mutane, me zai sa mu tono abin da Allah ya rufe? Baba bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Ni na ce a faɗa, amma ban iya kawo hujjata yadda nake so ba, don ba a sa-in-sa da baffa a gaban uba. Shi ya sa na zauna ina rubuta ta.

Auta farfaɗiya gare shi. Da gangan na kama sunan, domin a gidanmu an yi shekaru ba a kama shi. "Abin nan nasa" ake cewa, ko "mutanensa sun taso".

Yana da shekara goma sha biyu ya fara. Da magariba ne, muna cin tuwon shinkafa a tsakar gida, sai ya saki loma ya dafe cikinsa, ya juya kai gefe guda kamar an kira shi. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, ya kife. Jikinsa ya sandare, sannan ya shiga jijjiga, kumfa na fita ta gefen baki, leɓɓansa suka yi baƙi, fitsari ya jiƙa wandonsa. Gwaggo ta kwashe yara tana cewa kada yawunsa ya taɓa su. Baba ya ɗauko cokali ya danna masa a baki don kada ya haɗiye harshe. Haƙorinsa na gaba a daren ya karye, har yau da giɓin yake murmushi. Maƙwabci ya shigo ya danne ƙafafu, wata ta kawo garwashi tana kara masa hayaƙi a hanci, Inna tana salati tana watsa masa ruwa. Ni kuwa ina can bakin zaure. A lokacin na riga na fara koyarwa a firamare, amma na ja da baya kamar kowa, domin ni ma tun ina yaro na ji cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ko ya shaƙi tusarsa, ya ɗauka. Da ya farfaɗo ya buɗe ido yana neman fuskar da ya sani, ba ni cikin waɗanda ya gani kusa da shi. Har yau abin yana ci mini rai.

Washegari aka ware masa kwano da moɗa. Yaron da muke sa hannu a akushi ɗaya da shi ya koma cin abinci shi kaɗai a gindin bango, kuma haka ya yi shekara huɗu. Da ya faɗi sau biyu a makaranta, iyayen wasu yara suka yi magana, Baba ya cire shi. Sa'anninsa suna gulbi suna koyon riƙe homa da hawa gora, shi yana gida. Wanda ya tashi a Argungu ya san abin da ake nufi a ce an raba yaro da ruwa.

Cikin shekarun nan babu inda ba a je ba. An sha rubutu, an yi ruƙiya, an yi hayaƙi, an yi wanka da saiwoyi, an je har wani ƙauye kusa da iyakar Nijar aka kwana uku. Awakin Inna duk a nan suka ƙare. Ba na ganin laifin iyayena ko kaɗan, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuma abin da ya ƙara ɗaure mu shi ne, kafin ya faɗi Auta yakan ce wani abu na taso masa daga ciki zuwa ƙirji, wani lokaci har ya ji warin da ba wanda ke ji. Kowa ya ji haka sai ya ce ai shi ke nan, iska ce, ga shi har yana jin zuwanta.

Wanda ya juya mana akala malami ne, limamin masallacinmu. Ya kira Baba ya karanta masa hadisin nan da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta zo wa Annabi (SAW) ta ce tana farfaɗiya kuma jikinta yana buɗewa in ta faɗi. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri, ta nemi ya roƙa mata kada ta riƙa buɗewa, ya roƙa mata. Malam ya ce mu duba da kyau: tana cikin mutane, ba a kore ta ba, Ibnu Abbas ma nuna ta yake yi yana cewa ga 'yar Aljanna. Ya ƙara da cewa magabata irin su Ibnul Ƙayyim sun ambaci wata farfaɗiya da tushenta daga jiki yake, wadda likitoci ke magana a kanta. "Addu'a ba mu bari," in ji shi, "amma ku kai wanga yaro asibiti." Inna ta ƙi da farko. A tunaninta asibitin masu taɓin hankali na Kware za a kai shi, kuma a wajenmu in an ce an kai mutum Kware, to an gama yanke masa hukuncin hauka. Sai da aka yi ta lallashinta kafin ta yarda muka je Birnin Kebbi, daga can aka tura mu Sakkwato. Wannan a 2019 ne.

Na zaci na'ura za a fara jona masa. Ashe tambaya ce ta fi yawa. Likitan ya sa ni na kwatanta masa faɗuwar tun daga farko: me yake yi kafin ta zo, ina kansa ke juyawa, wane hannu ke fara motsi, minti nawa take ɗauka, yaya yake in ya tashi. Ya juya wajen Inna ya tambaye ta haihuwarsa, ko naƙuda ta yi tsawo, ko ya yi kuka da ya faɗo, ko ya taɓa buguwa a ka. Duk ta ce lafiya lau. Da ya ce ko ya taɓa wani zazzaɓi mai tsanani da ya kwantar da shi, sai ta ce, "Sai dai sanƙarau da yay yi shina ƙarami." Da bazarar 2009 ne, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa. Auta yana da shekara shida, ya kwanta asibiti kusan mako biyu, ya tashi, muka yi murna muka manta. Ba wanda ya taɓa haɗa wancan da wannan, tunda shekara shida ce a tsakaninsu.

Ga yadda na fahimci bayanin da aka yi mana. Ƙwaƙwalwa da wata 'yar wutar lantarki take aiki, jijiyoyinta suna aika wa juna saƙo a tsare. In wani gungu daga cikinsu ya saki wutar gaba ɗaya a lokaci guda, kamar wayoyin fal-waya in iska ta haɗa su suka yi tartsatsi, to abin da wannan sashen ke kula da shi sai ya rikice. In tartsatsin ya tsaya wuri ɗaya, mutum zai ji wari, ko tsoro, ko abu na taso masa daga ciki, ko hannu ɗaya ya riƙa fizga. In ya bazu ko'ina, sai faɗuwa da sandarewa da jijjiga. Ke nan abin da Auta ke ji kafin ya faɗi ba zuwan kowa ba ne, farkon ciwon ne. Sanƙarau ya bar masa tabo a ƙwaƙwalwa, daga wurin tabon wutar ke tashi. An yi masa gwajin da ake liƙa wayoyi a fatar kai ana duba yadda wutar ke gudana, amma likitan ya ce gwajin kan fito lafiya ko da mutum yana da ciwon, don haka bayanin wanda ya gani da idonsa shi ne gaba. Ya ce in ta sake faruwa, wani ya kula da shi, wani ya ɗauka a waya ya kawo masa.

Abu biyu na ƙaru da su a ranar waɗanda ba su shafi Auta kai tsaye ba. Na farko, ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Ana kiranta farfaɗiya ne in tana dawowa ba tare da wani abin da ya tayar da ita nan take ba. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar yakan yi taune-taune saboda zafin zazzaɓi, kuma yawancinsu suna girma su bar shi, amma dole a kai shi a duba, don zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka da sanƙarau su ma haka suke zuwa. Mai ciki in ta yi jijjiga, hawan jini ne ake fara zargi, kuma minti ɗaya bai kamata a ɓata a gida ba. Sukarin jini in ya yi ƙasa sosai yana kawo ta. Tiramol da samarinmu ke haɗiya don su jure aikin gona yana kawo ta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga wata iri a 2010, lokacin da yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa jijjiga suna mutuwa, kusan 400, har aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Na biyu, akwai farfaɗiyar da ba a faɗuwa. Yaro ya ƙura ido ya daskare na 'yan daƙiƙoƙi, a kira shi bai ji ba, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Ina jin haka sai wata yarinya da na koyar a aji uku ta faɗo mini a rai. Sau nawa na daka mata tsawa ina cewa hankalinta ba ya wurin karatu. Da muka dawo na nemi mahaifinta na gaya masa ya kai ta a duba.

Aka ɗora Auta kan kabamazafin, wanda masu kemis suka fi sani da Tegretol, safe da dare. An fara da kaɗan ana ƙarawa. An gargaɗe mu in ƙuraje suka feso masa a jiki ko baki, mu dawo da shi a ranar. Makonnin farko ya yi ta fama da jiri da barci, har Inna ta ce maganin ya fi ciwon wahalarwa, amma jikinsa ya saba. Daga faɗuwa biyu ko uku a wata, ya koma ɗaya cikin wata uku, sannan shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Ta kuma ce a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Finobabiton, mafi arahar magungunan nan, tun 1912 ake amfani da shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai na tuna shekara huɗun da yaron nan ya yi a gindin bango. Ranar da muka dawo daga Sakkwato ni na ɗauko kwanonsa na juye tuwon cikin namu. Gwaggo ta yi magana, Baba ya ce a bar shi.

Yanzu ga abin da ya sa ba zan iya bin Baffa ba.

Daminar 2020 ruwa ya cinye shinkafar fadama, tamu da ta dubban manoma a jihar nan. Ba mu kwashe ko buhu ɗaya ba. Auta ya fi shekara bai faɗi ba, ya yi ƙiba, ya fara zuwa koyon ɗinki. Da maganin wata ya ƙare, sai aka ce ai ya warke, a huta da sayen ƙwaya tunda ga halin da ake ciki. Ni aka tambaya, don ni ake gani mai boko, kuma na ce to. An gaya mini a asibiti cewa ba a tsayar da maganin nan kwatsam, cewa ko za a daina sai mutum ya yi aƙalla shekara biyu ba faɗuwa, kuma likita ne zai riƙa ragewa a hankali in ya ga ya dace. Na ji da kunnena. Amma na dube shi lafiya lau, na dubi aljihuna, na ce to.

Mun samu 'yan watanni lami lafiya, har na fara ganin mun yi daidai. Da rani muna dashe, injin ban-ruwa na ta ƙara, ina can wajen mesa. Na ɗaga kai ban ga Auta ba. Sai na hangi ruwan wani fangali yana motsi. Ruwan bai kai idon sawu ba sosai, yaro ɗan shekara uku zai tsallake shi, amma Auta yana kife a ciki, fuskarsa cikin laka. Ma'aikata biyu suna tsaye kusa da shi, taku biyar bai fi ba, sun ja da baya suna salati. Ba mugunta ba ce, tsoron yawu ne, irin wanda ya tsayar da ni a bakin zaure. Na ruga na ciccibo shi na kwantar da shi a kan kunya ta gefensa, na share masa laka daga hanci, ruwa na fita daga bakinsa. Jijjigar ta lafa, kafin ya dawo hayyacinsa wata ta sake kama shi, sannan wata. A bayan wata a-kori-kura muka kai shi asibiti, sai da aka yi masa allura ta tsaya. Ya kwana biyar saboda ruwan da ya shiga ƙirjinsa. Da na ƙara minti biyu a wajen mesar nan, da yau ba maganar aure muke yi ba.

Tun daga ranar bai sake tsallake ƙwaya ba, kuma bai sake faɗuwa ba. Shekara huɗun da Baffa ke lissafi ke nan. Lafiyarsa ƙalau, amma a kan magani take tsaye, kuma ni na ga abin da ke faruwa in an cire shi.

To yarinyar nan ita za ta kwana ɗaki ɗaya da shi. In muka ɓoye, a ina zai riƙa shan maganin? A ɓoye, a shago, yana mantawa ranar da bai fita ba? Ranar da zazzaɓi ya kama shi, ko ya kwana uku yana ɗinkin sallah bai runtsa ba (rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon), in ta zo masa da tsakar dare, me za ta yi? Za ta kurma ihu, maƙwabta su shigo da cokali da garwashi, mu koma daren farko. Kuma da safe iyayenta za su ce an yaudare su, su ce da gaskiyarsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni abin da nake so ta sani bai da yawa. In ya faɗi ta kwantar da hankalinta ta duba agogo. Ta janye duk abin da zai ji masa ciwo, ta sa masa zane ko matashi ƙarƙashin kai, ta sassauta masa wuyan riga. Kada ta danne shi, kada ta sa masa komai a baki, ko cokali ko yatsa ko ruwa ko rubutu. Mutum ba ya haɗiye harshensa, abin da ake tura masa ne ke karya haƙori ya kuma shaƙe shi. Da jijjigar ta lafa ta juya shi ta gefe don yawu ya zubo, ta rufe shi in ya ɓata jikinsa, ta zauna kusa da shi har ya gane inda yake. Yawanci cikin minti biyu ko uku ta wuce. In ta haura minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko a ruwa ya faɗi, to asibiti nan take. Ta san ba ya shiga gulbi shi kaɗai, ba ya leƙa rijiya, ba ya zama dab da wuta lokacin sanyi, ba ya kulle banɗaki. Da azumi likita ya daidaita masa shan maganin zuwa sahur da buɗa-baki, ita za ta fi kowa iya tuna masa. Ta san ba a ɗauka ta yawu, ko tusa, ko kwano, ko shimfiɗa. Ni shekara shida ina ci da shi. Iyayenta kuma za su tambayi 'ya'ya, kuma hakkinsu ne su tambaya. Akwai farfaɗiyar da ke bin jini, amma tasa daga sanƙarau ta samo asali, kuma yawancin 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa yin ta.

Na san abin da Baffa ke tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Na san auren da aka fasa a garin nan saboda wannan kalma kaɗai, an riga an sa rana. Na san yarinyar da iyayenta ba sa zuwa karɓar mata magani a garinmu, sai su tafi wani gari, don kada a gan su. Mai yiwuwa mu faɗa su ce a ba su lokaci, lokacin kuma ya ƙi ƙarewa. Na tambayi Auta da kansa, tunda rayuwarsa ce ba tamu ba. Ya daɗe yana wasa da tef ɗin awo a hannunsa, sannan ya ce, "Yaya, ni na gaji da ɓoyo. Amma tsoro nike ji."

Yau da asuba muna fitowa daga masallaci Baba ya rage tafiya har na iske shi. Bai dube ni ba ya ce, "Kai za ka hwaɗi musu, tunda kai kas san bayani. Baffanka ni zan yi mai magana." Na nemi Malam ya raka mu, ya ce in Allah ya kai mu zai je. Na ɗauko katin asibitin Auta da ɗan littafin da nake rubuta ranakun faɗuwarsa tun 2019, na sa su a aljihun rigar da zan sa ranar Juma'a.